Muryar da Mai Rediyo Bai Ji Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya tsaga kunne ya sanya masa ji, ya halicci hankali ya ɓoye mazauninsa, yake ba bawa ajiyarsa, yake kuma jarrabar wanda ya so a cikinsa, babu mai tambayarsa dalili. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa. Ya Allah, ka tsare harshenmu daga ƙari, ka sanya abin da za mu faɗa ya zama mai amfani.

Bayan haka, a wani layi na bayan kasuwa, tsakanin shagon wani tela da na mai sayar da fenti, akwai ɗan shagon gyaran rediyo. Mai shagon dattijo ne siriri, kowa Mai Rediyo yake ce masa, har ma 'yan uwansa na jini. Shagon ƙuntatacce ne. Tebur guda ne a ciki, dogo, narkakkiyar dalma ta yi masa tabo ko'ina. Kantoci sun kai har rufi, cike da rediyoyin da masu su suka kawo suka manta, ga gwangwanayen madara jere, kowanne da irin ƙananan kusoshin da ke cikinsa. Sana'ar ta ja baya tun da wayar hannu ta shigo, amma masu gadi da direbobi da tsofaffi ba su daina zuwa ba, kuma da abin da suke kawowa gidan yake ci.

Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, ta bar masa 'ya'ya biyu. Babbar mace ce, tana aure a ɗaya gefen gari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka shi Uwata yake kiranta, sauran mutane kuwa Yaya. Ƙaramin namiji ne, Auta, saurayi da ya haura ashirin, shi ne ke zaune gefen ubansa a teburin nan tun yana ƙarami.

Mai Rediyo yana da ƙa'ida ɗaya da ya gina sana'arsa a kai, ita ya fara koya wa Auta kafin ya bari ya taɓa sukundireba. Idan mutum ya kawo rediyo ya ce tana wata ƙara, to tana yi, ko da an kunna ta a shago ta yi tsit. Akwai lalacewar da ke ɓuya, sai an zauna da ita, an jira, an ɗumama ta, an girgiza ta, sannan ta bayyana. Yakan ce, “Kada ka taɓa ce wa mutum babu komai. Ka ce ban gano ba tukuna.” Da wannan haƙurin ya yi suna, kuma har ga Allah ƙa'ida ce mai kyau a kan ƙarfe da waya.

Akwai kuma abin da yake ɓoyewa. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama yana bin sahu. Mai gyaran rediyo da ba ya ji, wa zai kawo masa aiki? Sai ya koyi dabara: ya ɗora ɗan yatsa a kan sifika ya ji motsinta, ya zuba wa allurar mita ido, sauran kuma ya bar wa Auta. Auta kuwa Allah ya yi masa kunne. Tun mai kaya yana bakin ƙofa da rediyo a kunne, zai ce ga abin da ya ƙone, a buɗe a tarar haka ne. Da kunnen ɗansa dattijon yake ji, kuma yana tsammanin babu wanda ya sani.

Wata rana bayan la'asar, Auta yana gwada rediyon wani mai gadi, sai ya tsayar da ita a tsakanin tasha da tasha, wurin da babu komai sai shuuu. Ya daɗe a sunkuye.

“Baba, zo ka ji. Akwai wata tasha a ƙarƙashin wannan.”

Tela yana tsaye a bakin ƙofa da awo rataye a wuya, ya zo aron wuta kamar yadda ya saba. Ya yi murmushi ya ce, “Injiniya, ga jarrabawa ta zo. Ni dai jiya sallama na yi ta yi maka, sai da na buga tebur ka ɗago.”

“Ina sane da kai, Mai Allura. Sallamar mai aro ce ba na gaggawar amsawa.”

Ya matso, ya kai kunnen dama kusa da sifika. Bai ji komai ba sai iska, ita ma can nesa. Tela yana kallonsa, Auta yana kallonsa. Ya gyaɗa kai a hankali, irin na gwani.

“Akwai. Can ƙasa-ƙasa.”

Auta ya ce, “Namiji ne, ko?”

“Namiji ne.”

“Ka ji ya kira sunana?”

A nan ya kamata zuciyarsa ta tsaya. Amma hankalinsa yana kan Tela, sai ya yi dariya ya ce, “Kai kaɗai ke da sunan a duniya?” Tela ya karɓi abin da ya zo nema ya tafi, aka ci gaba da aiki. Ƙarya ce ƙarama, irin wadda mutum ke yi don ya rufe rauninsa, kuma kafin magariba ya manta da ita.

Auta bai manta ba. Bayan mako guda ya sake jin muryar a wata rediyo dabam, sannan a wata. Ya ce yanzu su biyu ne, suna magana a kansa, ɗaya yana faɗin abin da hannunsa ke yi, ɗayan yana dariya. Mai Rediyo ya ɗauki maganar yadda yake ɗaukar kowane ƙorafi: yaron ya ce yana ji, to akwai abin ji, saura a gano ta inda yake shigowa. Ya zargi na'urar da masu gadin kasuwa ke magana da juna da ita. Ya zargi wayar wutar mai fenti. Ya hau rufin shago da tsufansa ya sauya wa eriya wuri, ya sauko ya canza wayoyin bango, ya binne sandar ƙarfe a bayan shago ya ɗaura mata waya. Duk lokacin da ya gama, sai ya ce, “To gwada yanzu.” Auta ya saurara ya ce, “Sun yi shiru.” Dattijon ya ji daɗi. Kwana kaɗan su dawo.

Yana cikin farautar nan bai lura da abin da ke gefensa ba, ko kuma ya lura ya sama wa kowane abu dalili. Auta ya daina zuwa ƙwallo da abokansa, uban ya ce girma ne. Ya daina cin abinci a kwano ɗaya da shi, uban ya ce samari haka suke. Riga ɗaya ta yi makonni a jikinsa, ya ce aiki ne ya yi masa yawa. A masallaci yaron da ke sahun gaba ya koma ƙarshen sahun baya, kusa da ƙofa, wani lokaci ana cikin salla sai ya waiwaya kamar an taɓa kafaɗarsa. Wannan kam ya dami Mai Rediyo, ya yi masa faɗa a kan ladabin tsayuwa gaban Allah. Auta ya sunkuyar da kai ya ce, “Su ne ba sa bari.” Uban ya ce, “Ka yi haƙuri, na kusa gano ta.”

Yaya ce ta fara gani da idon gaskiya. Ta zo gida wata safiya ta kawo musu wanki, ta tura ƙofar ɗakin ƙanenta don ta kwashe masu datti. Ta tarar an toshe tagar da kwali, an liƙe ramin makulli, an naɗe rediyon ɗakin da bargo an ɗaure da igiya an tura ƙarƙashin gado. Kwanukan abinci suna jere a bango ba a taɓa ba. Ta fito ta sami ubanta a tsakar gida yana alwala, ta durƙusa ta jira ya gama.

“Baba, Auta ba shi da lafiya.”

“Zazzaɓi?”

“Ba na jiki ba. Ka shiga ɗakinsa kuwa? Ɗazu na gaishe shi, ya kalle ni kamar yana tuna inda ya san ni. Mu kai shi asibiti tun abin bai yi nisa ba. Akwai ɓangaren masu irin wannan, an ce idan aka zo da wuri ana samun sauƙi sosai.”

“Masu irin wanne, Uwata?”

Ta san kalmar da yake so ta furta, ta kuma san in ta furta zance ya ƙare.

Ya ce, “Yaron da ke gane cutar rediyo tun daga ƙofa? In na kai shi can, gobe duk layin nan an sa masa suna, kuma suna irin wannan ba ya goguwa. Wa zai ba shi aiki, wa zai ba shi 'ya? Wata tasha ce ke shigo mana, ina kan nemanta. Ni ma na ji.”

“Kai ka ji, Baba?”

“Na ji.”

“Kai da nake tsayawa a bayanka in yi ta magana sai na zagayo gabanka?”

Bai taɓa ɗaga mata murya ba, ran nan ma bai ɗaga ba. Ya dai ce ta ajiye wankin ta koma ɗakin mijinta, lamarin maza ne. Ta tafi tana share ido da bakin mayafi. Shi kuwa ya zauna da butarsa a hannu, ya san yanzu ƙaryar ta zama biyu, kuma ta biyun ta fi ta farko nauyi. Amma ya gaya wa kansa cewa rashin jinsa ba hujja ba ce a kan yaron. Kurma bai isa ya ce babu sauti ba.

Haka damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Aikin Auta ya lalace. Yakan buɗe rediyo ya zauna yana kallon cikinta har azahar. Masu kaya suka fara zuwa suna karɓar abinsu ba a gyara ba. Tela ya daina zolaya, abin da ya fi zolayar ciwo, in ya zo sai ya tsaya daga waje ya yi magana ƙasa-ƙasa, Mai Rediyo bai ma jin me yake cewa.

Ranar da idonsa ya buɗe, ranar kasuwa ce da hantsi. Akwai wata tsohuwar rediyo ta katako a kan kanta, wadda shi da hannunsa ya kwashe kayan cikinta kaf ya yi wa wasu gyara da su. Babu sifika, babu batir, babu ko zaren waya. Ya dawo daga sayen dalma ya tarar Auta ya sauko da ita, ya rungume ta, ya manna kunne. Leɓunansa suna motsi. Ya yi shiru kamar mai jiran amsa, ya girgiza kai, ya sake magana, hawaye yana bin kumatunsa.

“Auta, me suke cewa?”

“Sun ce ni ne na kashe Inna. Ina gaya musu ciwo ne, ba su yarda ba.”

Mai Rediyo ya miƙa hannu ya karɓi akwatin. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya juya bayansa, ya leƙa, ya ga hasken ƙofa ta ramukan gaba. Ya ajiye shi a kan tebur a hankali, ya nemi kujera ya zauna. Duk hawan rufin nan, duk wayoyin da ya canza, ashe abin da ya lalace yana zaune gefensa kullum, yana ce masa Baba.

Ya tafi wurin limamin unguwa, mutum mai ilimi da tsoron Allah. Liman ya zo gida, ya yi wa yaron addu'o'in da suka tabbata, ya tofa masa, sannan ya ja uban gefe ya ce, “Addu'a ba za mu daina ba. Amma wannan ciwo ne, kuma neman magani ba ya warware tawakkali. Ka kai shi wurin likita, kada ka ƙara kwana.” Sai dai yanzu Auta ne ya ƙi. Ya ce asibiti na masu muryoyin ne, can suke son a kai shi. Mai Rediyo ba shi da ƙarfin ɗaukar saurayi, ba shi kuma da zuciyar tara maƙwabta su ɗaure masa ɗa a idon jama'a. Ya yi ta lallashi, watanni suka ƙara shuɗewa.

Abin da lallashi bai yi ba, jini ya yi. Wata safiya Auta ya yanke shawarar cewa tun da muryar tana bin sa har inda babu rediyo, to an dasa masa waya ne a cikin kunne, kuma ya san yadda ake cire waya. Ya ɗauki siririyar sukundireba ya cusa ta a kunnensa. Tela ne ya ji ƙarar, ya shigo da gudu ya riƙe hannunsa, ya tura mai fenti ya tsayar da mota. Yaya ta same su a asibiti. Likitan kunne ya wanke ciwon ya rufe, ya yi wa Auta tambayoyi kaɗan, sannan ya rubuta takarda ya nuna musu wani gini a ƙarshen baranda.

Likitar ɓangaren mace ce mai matsakaicin shekaru, muryarta a kwance. Ɗakinta babu komai sai tebur da kujeru da fanka mai juyawa a hankali. Ta sa Mai Rediyo ya zauna ta inda zai ga bakinta, ko ta lura ne ko dacewa ce, Allah ya sani.

“Baba, tun yaushe ya fara jin muryoyin?”

“Damina biyu ke nan. Ta uku na shirin zuwa.”

Ta daɗe tana kallon alƙalaminta. Da ma ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Ta ce, “Ciwon nan mun san shi, a wurinmu sikizofireniya ake ce masa. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, yawanci a shekarun samartaka yake farawa, kuma ba laifin kowa ne ya kawo shi ba. Yakan fara da janyewa daga mutane, da rashin kula da jiki, da zargi, da jin abin da wasu ba sa ji. Waɗanda aka kawo mana a watannin farko, da yawansu suna komawa aikinsu, su yi aure, su riƙe gida, suna shan magani. In ya daɗe ba a taɓa shi ba, yakan yi saiwa. Za mu yi iyakar ƙoƙarinmu, akwai ƙwayoyi, akwai allura. Amma ba zan yi maka alkawarin yaron da ka sani ba.”

Yaya ta sunkuyar da kai. Ba ta ce ai na faɗa ba, ba ta taɓa cewa ba har ƙarshe, Allah ya saka mata.

Likita ta juya ga Auta, wanda ke zaune da farin ƙyalle naɗe a kai. “Ɗan'uwa, na yarda kana ji. Ba na ce ƙarya kake ba. Amma muryar ba daga rediyo take ba, ba daga waje take ba. Ciwon ne ke yin ta, shi ya sa kai kaɗai kake ji. In ka yarda muka fara magani, za ta ja baya.”

Auta ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya riƙe hujja. “Ba ni kaɗai ba ne. Baba ma ya ji. Ranar farko ma. Ya ce namiji ne. Ko ba haka ba, Baba?”

Likita ta dubi dattijon. Yaya ta dube shi. Ya gane cewa duk shekarun nan, a duk lokacin da shakka ta zo wa yaron ko kansa ne ke yi masa wasa, da wannan shaidar yake kore ta. Ya gane kuma muddin shaidar tana tsaye, ba zai haɗiyi ƙwaya ɗaya ba. Ya cire hularsa, ya riƙe ta da hannu biyu.

“Ban ji ba, Auta. Ban taɓa ji ba. Kunnena ya mutu tun kafin ranar, kunya ce ta hana ni faɗa a gaban Tela. Iska kawai na ji. Ka yarda da likita, ɗana.”

Ya yi zaton kuka, ko fushi. Auta ya dai kalle shi, kallo mai tsawo, sannan ya ja kujerarsa baya kaɗan.

“Sun gaya mini za ka faɗi haka. Tun a mota suka gaya mini.”

An kwantar da shi makonni. Maganin ya yi abin da zai iya. Muryoyin sun ja baya, sun koma kamar hira a ɗakin maƙwabta, ya daina toshe taga, yana wanka in an tuna masa, yana cin abinci in Yaya ce ta zuba. Amma abu ɗaya ya kafu, magani bai girgiza shi ba: wannan dattijon da ke zuwa da lemo a leda, ko dai yana tare da su, ko kuma ba shi ne uban nasa ba. In ya miƙa masa ƙwaya, sai ya dunƙule hannu. In ya shigo ɗakin, sai ya juya fuska bango. Da aka sallame shi, gidan Yaya aka kai shi, mijinta mutumin kirki ya share masa ɗakin zaure. Aka mayar da shi kan allura ta wata-wata, tun da ƙwaya sai da rigima. Jikinsa ya yi nauyi, hannunsa ya kama rawa, hannun da ke ɗora ɗigon dalma a inda ido da kyar yake gani.

Mai Rediyo ya ci gaba da zuwa duk bayan kwana biyu, yana ratsa gari da ƙafa. Wata la'asar ya same shi zaune a kan tabarma a zaure, yana kallon tururuwa. Ya zauna daga nesa kaɗan, ya yi sallama. Auta ya amsa, abin da ya daɗe bai yi ba.

“Auta, shago yana gaishe ka. Tela ya ce tun da ka tafi babu mai gaya masa keken ɗinkinsa na kukan mai.”

Auta ya ci gaba da kallon tururuwa.

“Na zo ne in roƙe ka gafara. Na cuce ka, ban yi da nufi ba. Ka yafe mini tun ina raye.”

Auta ya ɗago. Babu ƙiyayya a fuskarsa, babu komai, kuma wannan ne abin tsoron. Ya yi magana a hankali, yana kallon bakin dattijon kamar yadda shi ma dattijon ke kallon nasa.

“Malam, wani ya ce mini ya ji. Wani ya ce mini bai ji ba. Fuskarsu ɗaya. Babana ba ya ƙarya. To ɗaya daga cikinsu ba shi ba ne, ni kuma ban san wanne ba. In na yafe maka, ban san wa na yafe wa ba.”

“Ni ne duka biyun, ɗana.”

“Haka za ka ce.”

Ya koma kallon tururuwarsa. Daga ranar bai ƙara kiransa Baba ba.

Yaya ce ta lura cewa duk ranar da uban ya zo, Auta ba ya cin abinci washegari, yakan kwana biyu yana zagaye zaure yana amsa wa bango. Ta ɓoye abin a ranta har ya gagare ta, ta gaya wa likita. Likita ta kira dattijon shi kaɗai, ta zaɓi kalmominta da tausayi, amma ma'anar ɗaya ce: ganinsa yana tayar da ciwon, ya ɗan ja baya, wataƙila nan gaba.

“Nan gaba yaushe, likita?”

“Ban sani ba, Baba.”

Ya ce, “To. In nisana ne maganin, shi ma sai in ba shi.”

Ya rufe shagon, don babu kunnen da zai yi aikin. Ya kira masu kayan da ya iya tunawa suka kwashe nasu, sauran ya bar wa mai shara. Abu ɗaya ya rage masa a wata, ranar allura. Tun da safe yakan yi wanka ya sa rigarsa mai kyau, ya riga su isa asibiti, ya zauna a bencin da ke bayan wani ginshiƙi a baranda, inda yake gani ba a ganinsa. Sai ga Yaya ta shigo, Auta yana bin ta a baya da tafiyarsa mai nauyi, ya yi ƙiba, gemu ya fito masa. Dattijon yakan duba ko an yi masa aski, ko takalminsa ya tsinke, ko ya rame. In sun fito, Yaya takan ɗan juyo wajen ginshiƙin ta gyaɗa kai ba tare da ta tsaya ba. Shi kuma ya bi su da ido har ƙofa, yana motsa baki da addu'a, sannan ya tashi ya kama hanyar gida.

A haka ya yi abin da Allah ya rubuta masa na sauran kwana. Wani wata Yaya ta juyo ta ga bencin babu kowa, kafin azahar aka aiko mata cewa ya rasu. Washegari aka gaya wa Auta, ya tambaya ko yau ma akwai allura. Yana nan da rai a zauren yayarsa, yana karɓar maganinsa, ba ya cutar da kowa.

Ya Allah, ka jiƙan Mai Rediyo, ka yafe masa ƙaryar da ya yi don kunya, ka karɓi gaskiyar da ya faɗa da ta raba shi da ɗansa. Ka jiƙan matarsa da iyayenmu da dukkan waɗanda suka riga mu. Ka ba Auta da masu irin ciwonsa sauƙi, ka ƙarfafa masu jinyarsu. Mai karanta wannan kuma, ka tsare masa hankalinsa da na zuriyarsa, in jarrabawa ta zo gidansa ka buɗe masa ido da wuri, ka nuna masa ƙofar magani tun tana buɗe. Amin.